Gargaɗi ga Unguwannin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa: A Buɗe wa Ruwa Hanya Kafin Marka

Damina ta ƙarato, kuma magudanan ruwan unguwanninmu da yawa a toshe suke. Mai shakka ya fita ƙofar gidansa yau ya leƙa lambatun da ke gabansa. Yashi zai gani, da toka, da ledar fiya-wata, da tsumma, da ɓawon rake, sun cika shi har baki. Daga nan ya taka zuwa kwalbatin da ke bakin titi, ya sunkuya ya duba ko yana hango haske ta ɗaya ɓangaren. Idan bai hango ba, to ya sani ruwan da zai sauko a watan Agusta ba shi da inda zai bi sai zaure da tsakar gida. Wannan gargaɗi na masu unguwanni ne da limamai, na shugabannin ƙungiyoyin ci gaban unguwa da matasa, na iyaye mata, da kowane magidanci da ke kwana ƙarƙashin rufin ƙasa.

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu, mu mutanen wannan kusurwa ta Jigawa: wai ambaliya ta mutanen bakin kogi ce, ta Haɗeja da Auyo da Miga da Ringim da Kafin Hausa, mu kuwa a kan tudu muke. Gaskiya ne kogin Haɗeja bai ratsa ta ƙofarmu ba. Amma ruwan da ke rushe gida a cikin gari ba ya buƙatar kogi. Daga saman kwanonmu yake saukowa, daga kan duwatsun Kazaure da Roni da Gwiwa yake gangarowa, kuma ƙasar dutse ba ta shan ruwa, tura shi take yi gaba da gudu. A Babura, inda ƙasa take shimfiɗe, matsalar ta wata fuska ce: ruwa ya samu kwari ya kwanta, ya yi kwana da kwanaki yana jiƙa gindin katanga har ta zube.

A yi lissafi mai sauƙi. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwa mai kaurin milimita 50, wanda marka ke iya saukarwa a dare ɗaya, zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan irin ta 'yan garuwa, daga gida ɗaya tak. A ninka wannan da yawan gidajen layinku. A da, tsakar gida ƙasa ce, fili yana nan tsakanin gida da gida, kududdufi yana bakin unguwa, kowanne yana shan rabonsa. Yau an yi wa tsakar gida daɓen siminti, an yanka filin an yi filoti, indararon kowa ya juya baki zuwa lungu. Ruwan da sama ke saukarwa bai ragu ba, wuraren da za su karɓe shi ne suka ƙare.

Abin da ya faru a shekarun baya kaɗan ya isa ya hana mu barci. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, inda aka rasa fiye da mutum 100. Da yawa daga cikinsu ɗaki ne ya rufta musu suna barci. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri. A ranar 29 ga Mayu 2025, da asuba, ruwa ya share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja, aka tsamo gawa fiye da 150, wasu kuma har yau ba a gan su ba. A lura da watan: Mayu ne, farkon damina, lokacin da kowa ke ganin da sauran lokaci. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Maganar kududdufi ita ce ta fi damuna, don haka zan tsaya a kanta. Kakanninmu da suka haƙi ƙasar gini a gefen gari sun bar ramin ne da sani. Kududdufi shi ne randar unguwa: duk ruwan da ya sauko a lunguna can yake taruwa, ya tsaya, ƙasa ta riƙa shan sa a hankali har kaka. Yanzu da gari ya cika, fili ya yi tsada, ido ya koma kansa. Yadda abin ke faruwa iri ɗaya ne kusan ko'ina. Da farko a mayar da bakinsa juji. Shekara biyu, uku, shara ta cike gefe ɗaya. Sai wani ya kawo tifar ƙasa ya baje a kai. Sai a wayi gari an kafa turaku, dillali yana nuna wa mai saye. Wanda ya saya ya ɗaga harsashinsa sama da na kowa, ya zagaye da bulo. Shi ya tsira, ko kuwa yana zaton ya tsira, domin ginin da aka ɗora a kan shara ba ya daɗewa bai tsage ba. Ruwan da ya saba kwana a wurin kuwa sai ya koma gidan tsohuwar da ke can ƙasan layi, wadda ba ta da kuɗin bulo, ba ta da wanda zai tsaya mata.

Wannan zalunci ne, ko da takarda a hannun mai ginin. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, kuma babu malamin da zai ce maka ya halatta ka kare gidanka ta hanyar tura ruwa ɗakin wani. Mai unguwa ko dagacin da aka kawo wa takardar cinikin fili a bakin kududdufi ko a kan hanyar ruwa, ya ji tsoron Allah ya ƙi sa hannu. Maƙwabtan da suka ga an fara zuba ƙasa, su yi magana a ranar da tifa ta farko ta sauke, su kai wa hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma a rubuce. Idan aka bari gini ya kai linta, magana ta zama shari'a, shari'a kuwa damina ba ta jiran ta.

Haka nan masu shaguna da suka rufe lambatu da siminti don su faɗaɗa baranda, da mai gidan da ya toshe kwata don motarsa ta samu hanyar shiga. A yi musu magana da mutunci, a nuna musu yadda za su sa murfin da ake iya ɗagawa a yashe ƙasansa. Wanda ya ƙi, a kai maganarsa gaba.

Ga kuma wani sabon abu da iyayenmu ba su san shi ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya bi ta Dambatta da Kazaure ya nufi Daura. Alheri ne babba, muna maraba da shi. Sai dai duk inda aka tayar da doguwar ganuwar ƙasa, ta jirgi ce ko ta mota, hanyar ruwa tana canzawa. Unguwanni da ƙauyukan da ke kusa da layin su tura dattawan da suka san inda ruwa ke bi tun da can, su je su ga inda aka sa kwalbatoci, su ga inda bakinsu ya fuskanta. Idan akwai abin damuwa, a rubuta ta hannun hakimi tun yanzu. Ramukan da aka ɗebi ƙasa a cikinsu, na aikin hanya ne ko na masu bulo, su ma a san da su, domin idan suka cika ruwa yara ba sa gane zurfinsu. Mazauna kusa da dam ɗin Muhammadu Ayuba a Kazaure su ma su ja wa yaransu kunne kan wanka idan ruwa ya ƙaru.

Ruwa idan ya janye ba shi ke nan ba, yana barin ciwo a baya. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohi huɗu, Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara, su suka ɗauki fiye da rabin adadin. Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2022, aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Abin alfahari ne, kuma jama'a ce ta yi aikin, gida-gida aka haƙa masai. To amma masan da ruwa ya cika ya tumbatsa, abin da ke cikinsa lungu yake fitowa, daga lungu ya gangara rijiyar da ba ta da murfi ko bakinta ya yi ƙasa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A cikin tsofaffin unguwanninmu gida nawa ne ke da wannan tazara? Sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin masan wani da rijiyar maƙwabcinsa, kuma babu ɗayansu da ya sani, saboda ba a taɓa zama an yi maganar ba.

Don haka a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a ware guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa. Masan da ya kusa cika a kwashe shi kafin ruwa ya sauka. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, musamman bayan ruwan sama mai yawa. A tambayi ɗan garuwa inda yake ɗebowa, ba cin fuska ba ne, lafiyar 'ya'yansa ma tana ciki. Idan kuwa wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, da amai ko babu, kada a jira gari ya waye. Wannan ciwo yana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ƙullin da ake sayarwa a kemis. Yana sha ana kan hanyar asibiti. Kada a ɓoye shi a ɗaki don gudun maganar mutane. Idan aka samu mutum biyu ko uku a layi ɗaya, mai unguwa ya sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar. Sauro ma kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai a cikin ruwan da ya kwanta, saboda haka tsohuwar taya da fasasshen tulu a kife su, kuma idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka zo, a buɗe musu ƙofa.

Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Idan ka yashe gabanka, na ƙasa da kai bai yashe ba, ruwan zai dawo maka. Shi ya sa maganar ta koma kan ƙungiyar unguwa, kuma a nan ne ciwonmu yake. Kusan kowace unguwa tana da ƙungiya, wata har da allo da hatimi. Amma da yawa ba sa motsi sai zaɓe ya matso ko an ji labarin rabon kaya. A kira taro, mutum bakwai su zo. Masu ilimi da ma'aikata su ce ba su da lokaci, masu kuɗi su aiko da abin sayen ruwa, matasa su ce an mayar da su 'yan ɗaukar shebur alhali ba a jin shawararsu, mata kuwa ba a ma gaya musu an yi taron ba. Ranar da katanga ta faɗa wa yaro, unguwa duka za ta hallara a wurin zaman makoki. Mutanen suna nan ke nan. A kira su tun kafin ranar.

Yadda za a yi ba ɓoyayye ba ne. A cikin wannan mako mai unguwa da liman su sanar da taro bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci ko a makarantar firamare. Kada a tsaya dogon jawabi. A tashi gaba ɗaya a bi hanyar ruwan da ƙafa, daga inda yake farowa a saman unguwa har inda yake fita, dattijo a gaba yana nunawa, wani yaro mai rubutu yana rubutawa: nan ya toshe, nan an yi gini a kai, nan kwalbati ya karye, nan turken lantarki ya karkata. A rubuta gidajen da katangarsu ta tsage ko gindinta ya zaizaye, da ɗakunan da azararsu ta ruɓe. A fara da gidajen marayu, da matan da mazansu suka rasu, da tsofaffin da 'ya'yansu ke ci-rani. A leƙa makarantun allo a ga inda almajirai ke kwana, domin sau da yawa zauren da ya fi kowane tsufa shi ake bar musu. A tsayar da wurin da za a kai mutane idan ruwa ya shigo da dare, a san wa ke riƙe da makullinsa.

Sannan a sa ranar aikin gayya. Gayya ba baƙuwarmu ba ce, da ita aka yi noma, da ita aka yi yaɓe, da ita ake gyaran maƙabarta har gobe. A fara yasa daga ƙasa a hauro sama, don kada a sako wa na ƙasa abin da ba shi da mafita. Kuma, don Allah, abin da aka yaso kada a tara shi a bakin lambatu a tafi. Wannan kuskure ne da ake maimaitawa kowace shekara: a sha wahala tun safe har azahar, a bar tarin a gefe, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. A tanadi baro da amalanke ko a yi hayar mota kafin ranar, a kwashe a kai juji na nesa da hanyar ruwa. Matasan da za su shiga kwata a sama musu takalmin roba da safar hannu, akwai fasassun kwalabe da ƙarafa a ciki.

Mata su shigo cikin maganar tun daga farko. Su suka san rijiyar da ruwanta ya canza ɗanɗano, su suka san yaron da ya kwana yana gudawa, kuma daga hannunsu shara ke fita zuwa hannun yaran da ake aika su zubar. A yi musu nasu zaman a Islamiyya, a ba su wakilci a kwamiti, a ji abin da za su ce.

Kuɗi shi ke kashe ƙungiya, don haka a yi hattara da shi. Abin da kowane gida zai bayar ya zama kaɗan, wanda talaka zai iya, mai hali ya ƙara. A rubuta kowace naira a littafi, a karanta shige da fice a bainar jama'a, kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi shi kaɗai. Ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a karɓa a gode masa, a rubuta a littafi kamar ta kowa, amma kada a bari ƙungiya ta zama reshen jam'iyya. Ranar da ta zama, rabin unguwa sun fita.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin shebur. Karyayyen kwalbati, babbar magudanar da ta ratsa unguwanni, motar kwashe shara, waɗannan na hukuma ne, kuma neman su ba roƙo ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da tituna da magudanan ruwa, da kwashe shara, da samar da makewayin jama'a. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287, kowace mazaɓa da kansilanta. Mutanen Kanti da Unguwar Arewa da Unguwar Gabas da Unguwar Yamma a Kazaure, na Amaryawa a Roni, na Korayel a Gwiwa, na Kanya da Garu a Babura, kowa yana da wanda ya zaɓa. A gayyace shi ya taka hanyar ruwan tare da jama'a. A ba shi takarda mai kwanan wata, mai ɗauke da sunan wuri da abin da ya lalace da yawan gidajen da abin zai shafa, da sa hannun mai unguwa. A kai kwafi ofishin ciyaman, a kai wa hakimi, a riƙe ɗaya. Bayan mako biyu a koma a tambaya. Ƙorafin majalisar shayi yana ƙarewa a inda aka yi shi, takardar da gida 50 suka sa wa hannu kuwa dole a amsa ta.

Muna kuma kira ga iyayen ƙasa. Masarautar Kazaure, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu, da masarautar Ringim wadda Babura ke cikinta, suna da tsarin da ya kai har ƙofar kowane gida: hakimi, dagaci, mai unguwa. Umarni ɗaya daga fada cewa kowace unguwa ta yi gayyar magudanan ruwa kafin marka, kuma kada a sake sa hannu a cinikin kududdufi, zai yi aikin da sanarwar rediyo goma ba za ta yi ba. Malamai da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, musamman masu karatun gini da safiyo, unguwannin da kuke haya a cikinsu suna buƙatar iliminku: ku auna musu gangaren ruwa, ku taya su rubuta takarda. Limaman Juma'a su ba maganar huɗuba guda.

Idan dare ya yi ana ruwa babu ƙaƙƙautawa, ka ji ƙasa na zubowa daga rufi ko ka ga katanga ta jiƙe har sama, fitar da iyalinka nan take, kada ka tsaya kwashe kaya. Kada a ratsa ruwa mai gudu da ƙafa ko da babur, ko da an san hanyar. Kada a taɓa wayar lantarkin da ta faɗo, kada a bar yaro ya matsa kusa da ita. Mai ɗaki na bulo ya buɗe wa maƙwabcinsa mai ɗakin ƙasa ƙofa.

Mai unguwa, liman, shugaban ƙungiya: ku sa ranar taro kafin Juma'a mai zuwa. Kai kuma da ka karanta wannan, kai wa mai unguwarku yau, kuma idan aka kira taron, ka je da kanka.